Gemunsa da Ƙurar Tukunya

Litinin, 3 ga Maris

Na sake wanke rigar filon Maigidan yau, tabon bai fita ba. Wani toka-toka ne mai maiƙo, daidai inda yake ɗora haɓa. Na sa sabulu, na sa ruwan zafi, na murza har yatsuna suka yi ja. Ni da ɗinki ne sana'ata, na san tabon man keke, na san na biro, na san na shayi. Wannan ban san shi ba. Na shinshina, ba ya warin komai, hakan ma ya ƙara sa hankalina bai kwanta ba.

Na nuna masa. Ya kalla kamar na miƙa masa jaridar bara, ya ce, "Datti ne mana." Na ce dattin me? Ya ce dattin duniya. To, na ji.

Alhamis, 6 ga Maris

Basilin ɗina ya kusa ƙarewa, kuma babbar kwalba ce, kwanan nan na saye ta. Mu uku ne a gidan nan: ni, shi, da ƙanwarsa da nake kira Gimbiya, wadda ta zo mana hutun sati ta share shekara. Na dai kalli ƙafafunta da suke ta sheƙi.

Asabar, 8 ga Maris

Tari yake yi. Busasshe, gajere, yana haɗiye shi idan ya ga ina kallo. Ya ce sanyi ne. Ya kwashi bargonsa ya koma kwana a falo, wai kar ya hana ni barci. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana yi min minshari a kunne bai taɓa jin tausayin barcina ba, sai yanzu.

Bari in rubuta aikin nasa kamar yadda na fahimce shi, ko kaina zai warware. A da walda yake yi. Sai ya samu shiga wurin gwajin nan na bayan gari, ba kai tsaye ba, wani kamfanin 'yan kwangila ne ya ɗauke su. A can akwai wani ƙaton injin nukiliya da su ma'aikatan suke ce wa Tukunya. Masu ilimin wurin so suke su kunna wuta irin ta cikin rana a cikinta, wata rana a samu lantarki. In sun kunna, wutar tana ɗan cin bangon ciki, wanda aka lulluɓe da fale-falen wani ƙarfe da ake kira tungistin. In aka kashe ta huce, sai su Maigidan su shiga da rarrafe, da injin zuƙe ƙura, su share, su canza fale-falen da suka ci. Ƙurar, in ji shi, ta fi hayaƙi laushi, ido ba ya ganinta sai ta taru. Lokacin da ya ba ni wannan labarin da alfahari ya ba ni, ni ma na yi ta faɗa wa masu kawo ɗinki cewa mijina a cikin rana yake aiki.

Na tambaye shi ko tarin daga can ne. Ya ce ai rufe suke ruf, riga har kai, safar hannu, takunkumin roba mai mataci, ko sauro ba zai samu hanya ba. Da sauri ya faɗa, kamar ya haddace.

Talata, 11 ga Maris

Wata mace tana kiransa. In wayar ta yi ƙara sai ya fita baranda ya ja ƙofa. Na leƙa fuskar wayar, ya sa mata suna "Awo". Na tambaya ba tare da na ɗaga kai daga keke ba. Ya ce sabuwar ma'aikaciya ce mai awon iska da duba takunkumi, ta dame su. Na ce, in ta dame ka me ya sa kake rage murya? Ya ce ni dai ba na rasa abin faɗa.

Ba kishi nake ba. Na san muryarsa ta lallashi, ba ita ba ce. Wannan muryar mai roƙon a ƙyale shi ce, kuma ban san wanne ya fi ba.

Laraba, 12 ga Maris

Gimbiya ta rantse ba ta taɓa min basilin ba. Rantsuwa dama ba ta yi mata wuya.

Lahadi, 16 ga Maris

Matar Dogo ta kawo ɗinki. Dogo shi ne shugaban rukuninsu, shi ya shigar da Maigidan aikin. Ina auna ta na jefa maganar filo a hankali, kamar ban damu ba. Ta juyo da sauri har tef ɗin ya zame, ta ce, "Ke ma?" Nasu filon haka yake. Ta ce har ta daina saka wa filon farar riga, ta koma mai duhu. Muka ci gaba da hira, can ta ce ita abin da ya ishe ta basilin ne, kamar shan sa ake yi a gidanta.

Na tsaya da allura a baki. Su kuma ba su da Gimbiya.

Na tambaya ko Dogo yana tari. Ta ce lafiyarsa ƙalau, ci kamar gara. Ban ji daɗin amsar ba, Allah ya yafe min.

Talata, 18 ga Maris

Da safe yana wanka na buɗe jakar da yake zuwa aiki da ita. A ƙarƙashin kwanon abincinsa akwai ƙaramin gwangwani cike da basilin ɗina. Na ajiye shi a kan tebur kusa da kofin shayinsa, na zauna ina jira.

Bai yi gardama ba. Ya ce takunkumin roba sai ya manne da fata yake aiki. Gemu kuwa ɗaga robar yake, iska ta shiga ta gefe. Ranar da aka ɗauke su duk an sa su sun aske an gwada musu takunkumin, ni a lokacin ina wajen yayata tana jinya, kafin in dawo nasa ya fara tsirowa. Daga nan kowa ya mayar da gemunsa, mai duba su na da kuma ba ruwansa. Dogo ne ya kawo dabara, wai wani tsohon mai fentin mota ya koya masa: a cika gemu da basilin, a kwantar da shi, robar ta zauna a kai. A cikin mota suke shafawa kafin su shiga ɗakin canza kaya, gwangwani yana zagayawa hannu zuwa hannu. Yau naka, gobe na wani.

Na ce, to tabon fa? Ya ce suna wanka kafin su fito, amma maiƙo ba ya fita da wankan gaggawa.

Wato ƙurar Tukunya ce nake murzawa da hannuna a bahon wanki. Na ce masa haka. Ya ce ɗan kaɗan ne, na bakin gemu. Na ce in ta isa bakin gemu me ya hana ta isa baki? Ya ɗauki jakarsa ya ce zai makara.

Ban ba Gimbiya haƙuri ba. Na dai ba ta ragowar yadin nan shuɗi da take ta zagayawa, ta karɓa tana yi min kallon ƙasa-ƙasa.

Juma'a, 21 ga Maris

Ya manta wayarsa a gida, Awo ta kira, na ɗauka. Na ce matarsa ce. Na zaci za ta daburce, sai ta ce, "Madalla, dama ke nake so." Muryarta a gajiye, ba wani iyayi.

Ta san da basilin. Ta ce ba ya toshe komai, robar ma lalata ta yake, sannan ya kama ƙurar ya kai ta gida. Ta ce ƙwayoyin ƙarfen sun yi ƙanƙantar da gashin hanci ba ya tare su, suna iya wucewa har can ƙasan huhu inda tari ba ya fito da abu. Na ce sai su yi me a can? Ta ce abin da ake bincike a kai ke nan, ba a gama ba. "Ba mu sani ba tukuna, shi ya sa ba na so ko kaɗan ya shiga." Ta ce in daina wanke kayansa tare da namu, in kuma taimaka mata ya aske.

Ba mu sani ba tukuna. Na san wannan maganar. Ita ake faɗa kafin abu ya faru, in ya faru kuma a ce ai mun gaya muku.

Na ce, yanzu duk ilimin da ke wurin nan, masu kunna rana, ba su da abin da mai gemu zai sa? Ta ce akwai wata hula mai rufe kai gaba ɗaya, da famfon da ke hura iska mai tsabta, ita ba ruwanta da gemu. Ta rubuta a kawo, kamfanin bai kawo ba. Na ce yauwa, ashe ga inda maganar take.

Ni dai ga abin da nake gani: so suke in wani ya kwanta su ce laifin gemunsa ne, su wanke hannunsu tas. Sun turo mace mai sanyin murya ta bi gida-gida ta wajen mata.

Litinin, 24 ga Maris

Na raba wanki. Ba don ta faɗa ba, dama ina da niyya.

Na ce masa kar ya aske, su kawo hular. In duk suka tsaya a kan haka dole kamfani ya motsa. Kuma gaskiya ina son gemun nan. Ni nake taje masa shi, ni nake datse bakinsa da almakashin ɗinki, ni na fara ganin furfurar farko na ɓoye masa. Wata can ba za ta zo daga ofis ta kwashe shi ba.

Ya ce, "Shi ke nan, yadda kika ce." Nan take, ba musu. Mutumin da ko gishiri na ce ya yi yawa sai ya ce bai ji ba. Saurin yardar nan ya tsaya min a rai.

Alhamis, 27 ga Maris

Ya ce ya je asibitin wurin aiki, sun saurari ƙirjinsa sun ce garau. Likitan kamfani me zai ce dama?

Asabar, 29 ga Maris

Matar Dogo ta zo karɓar ɗinkinta. Tana gwadawa tana yi min tsiya, wai na raba ta da mijinta, kullum sai ya dawo yana yabon girkina. Na ce a ina Dogo ya ci girkina? Ta ce, "A'a, ba shi ke cinye kwanon mijinki ba? Ai ya daɗe."

Kullum kwanon a wanke yake dawowa. Ni kuma ina ƙara masa hannu, ina cewa aikin nan yana sa shi ci. Da yamma kuwa sai ya ɗauki nasa ya tafi gaban talabijin, Gimbiya ce ke kwashe kwanuka. Na tambaye ta ko yana cinye abincin, ta ce Yaya ya ce kar ta faɗa. Ashe a gidan nan ma bakinsu ɗaya.

Matar Dogo ta kuma ce ranar Litinin ta sama za a fara babbar shara, za a kashe Tukunya su yi makonni suna shiga kullum. Awo ta ce mai gemu ba zai shiga ba, amma manya suna gaggawa, kuma ba ita ke tsayawa a ƙofa kowace safiya ba. Shi bai gaya min komai a kan wannan ba.

Talata, 1 ga Afrilu

Dogo ya aske. Matarsa ta kira tana dariya har tana shaƙewa, wai ya koma kamar dafaffen ƙwai. Sauran ma duk sun bi, tunda mai dabarar da kansa ya sauka. Saura mutum ɗaya.

Na ce masa, tunda kowa ya watse ba sauran tsayawa, ka aske kawai, ya tsiro daga baya. Ya ce, "Ba ke kika ce kar in aske ba?" Na ce na ce, yanzu kuma na sake cewa. Ya ce shi ba ƙwallo ba ne. Muka yi ta yi har tarin ya kama shi, ya dafa bango, ya ɗaga min hannu wai in tsaya. Na tsaya. Da ya lafa ya ce basilin bai taɓa cutar kowa ba, ya shige banɗaki.

Yanzu ban san wa nake zargi ba. Kamfanin yana nan a inda na ajiye shi. Amma wannan taurin kan ba na kamfani ba ne.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Awo ta kira wayata, ban san wa ya ba ta lamba ba, ina zaton matar Dogo. Ta tambaya ko ya je asibitin da ta tura shi. Na ce ya je, sun ce garau. Ta ce bai je ba, sau biyu tana sa a ajiye masa layi. Na ce ƙila sun manta ba su rubuta ba. Ta ce ƙila.

Na kare shi a gabanta, na kashe wayar, na zauna ina kallon keke. Ɗinkin mutane ya taru, ko zare ban sa ba yau.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Na sayi reza da sabulun aski. Mai shago ya ce na Maigida ne? Na ce na farke ɗinki ne.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Gobe ne za su shiga. Da hantsi na fitar da kujera baranda, na kawo ruwan ɗumi da tawul da almakashi. Na aiki Gimbiya kasuwa mai nisa. Na ce masa ko dai ya zauna, ko gobe in riga shi zuwa bakin ƙofar wurin aikin da gwangwanin a hannuna, in nuna wa duk wanda ya zo wucewa. Ya san zan iya. Ya daɗe yana kallona, sannan ya zauna ya rufe ido.

Na sa safar hannu, na shimfiɗa leda a ƙasa. Na fara da almakashi, ina yi ina surutu. Ina ce masa zai fi Dogo kyau, ai shi Dogo dama gemun ne ke rufa masa asiri. Bai yi dariya ba. Na shafa sabulu na ɗauki reza, na fara daga saje na gangaro.

Rezar ta faɗa rami.

Inda kumatunsa suke a da, babu komai. Ƙashi ne a sama, ƙashi a ƙasa, fata ta lotsa a tsakani. Na goge kumfar da tawul don in tabbata. Na yi ɗaya gefen, haka. Haɓar ta fito siririya, wuyan duk jijiya. Riguna masu faɗi yake sawa, a falo yake kwana, gemun kuma ya cika fuskar, ni ina ta taje shi. Fuskar da ta fito ta mahaifinsa ce a watanninsa na ƙarshe.

Idonsa a rufe ya ce, "Kin gani ko?"

Ya ce kullum in yana shafa basilin yana jin yatsunsa suna ƙara nutsewa. Igiyar takunkumin ma ya ja ta har ƙarshe. Ya san in ya aske Awo za ta sake gwada masa, ta ga robar ba ta kama fuskar, ta tura shi gaban likita, a cire shi daga aiki. "Kuma ke za ki gani." Wannan ya faɗa a ƙarshe, a hankali.

Na so in yi masa faɗa, maganar ma ta zo har bakina. Sai na ga saura ɗan gashi a ƙarƙashin leɓensa, na ce ya daina motsi. Na ƙarasa askin, na wanke masa fuska, na ƙulle ledar. Tsoro nake ji, irin wanda ban taɓa ji ba, kuma haushinsa nake ji, kuma ina so in rungume kansa. Kansa na rungume.

Da Gimbiya ta dawo ta gan shi, ta ajiye kaya ta shige ɗaki. Na ji ta tana kuka, ban hana ta ba.

Na ce masa gobe ba Tukunya. Bai ce yadda kika ce ba, ya dai gyaɗa kai.

Litinin, 7 ga Afrilu

Babban asibiti, wajen likitan huhu. Ba na kamfani ba. An ɗauki hoton ƙirji, an ɗebi jini, an sa shi ya hura wani bututu. Likita ya ce zai iya zama ƙurar, zai iya zama wani ciwon daban da ba ruwansa da ita, sai sakamako ya fito. Shi ma bai sani ba tukuna. Ban yi masa tsiya ba.

Awo ta zo. Jiya da yamma na kira ta, don kawai ita ta san sunan abin da yake shaƙa, kar in je in faɗa ba daidai ba. 'Yar gajeriya ce, takalminta ya ci, ba yadda na zana ta ba. Ta yi wa likita bayani, ta kuma faɗa a gabana cewa hulunan ba su zo ba har yau, ba ta ɓoye ba. Duk da haka albashinsu take ci, ban manta ba, kuma ina sa mata ido.

Da aka sake kiransa ciki ya miƙe, tarin ya kama shi, sai na riƙe shi da hannu biyu. Ta ce in kawo jakata ta riƙe min. Makullin gida na ciki, da wayata, da komai. Na ba ta, muka shiga.